Masta Fataw da Motar Alhaji Mai Hanci Biyu

"Ni Fataw, daga Nima har kasuwar kayan mota ta Abossey Okai babu injin da ya taɓa jin muryata bai tashi ba. Jirgin ruwa ma da ya lalace a Tema ta waya na gyara shi. Na ce su kara wayar a jikin injin, na saurara, na ce, 'Noti na uku daga hagu.' Suka ɗaure, jirgi ya kama hanyar Jamus."

Haka ɗan ƙanena Fataw ya faɗa wata Litinin da safe, yana tsaye a bakin rumfata, bakinsa cike da waakye na kyauta, wato shinkafa da wake, shito, miyar barkonon da ake ci da shi, na gangaro masa a haɓa.

Ni ce Hajiya Memunatu. In ka taɓa cin waakye a unguwar Nima, nan Ghana, a layin da ke gangarawa kasuwa, to nawa ka ci, ko na masu kwaikwayona. Ban shiga aji ba, a jikin kwalaye da bayan trotro, motocinmu na haya, na koyi karatu, ga shi har ina rubuta maka wannan. Fataw kuwa na san shi tun yana yawo ba wando. Abin da ya taɓa gyarawa a duniya biyu ne. Akwai injin markaɗen maƙwabciyarmu Amama, wanda tun daga ranar in ka zuba masa tumatir sai ya watso maka a fuska. Akwai kuma wani janareto, yanzu a kansa ake shanya barkono. Duk da haka ya sa an ɗinka masa farin ofarol, an rubuta MASTA da jan zare a baya, yana rataye da sifana a wuya kamar likitan asibiti.

To, mijina Alhaji Idrisu yana da mota. Ba irin motocin yanzu masu kama da sabulu ba. 'Yar ja ce, kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa har in ka zauna kamar a tabarma kake. Wani Bature da Alhaji ya yi wa direba yana saurayi ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Injinta kafireta biyu gare shi, a jere kamar hanci. A bakin kowace kafireta an ɗaure wani zagayayyen gwangwani mai murfi, cikinsa ragar waya. Shi ne matatar iska, fitoci, wato makanikai, na ce masa iyakilina. Aikinsa aikin gashin hanci ne: iska ta wuce, ƙura ta tsaya.

Shekara da shekaru tana ƙarƙashin tamfol a gefen rumfata. Alhaji ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma sai ya tashi da buri ɗaya: a sake kai shi masallacin Juma'a na Kanda a cikinta. Tsohon fitan da ke kula da ita, Nashiru, ya zo ya yi komai, fulogi, batir, birki, har ta tashi tana tari. Sai aka kira shi gida, can garin Bawku, yayansa ba lafiya. Da zai tafi ya ce, "Alhaji, saura matatun iska kawai. A wanke ragar da kananzir, a ɗiga mata man inji, a bar ta ta tsane, a mayar. Aikin rabin sa'a."

A nan Fataw ya ga ƙofa. Ya daɗe yana yi wa rumfata kallon da kyanwa ke yi wa kifi.

"Baba Alhaji," ya ce, "wannan wuri na garejin zamani ne, ba na tukwane ba. Ka ba ni motar nan, ka ga aiki."

Alhaji ya ɗaga kai. "In ta kai ni ƙofar masallaci ranar Juma'a da kanta, kafin a tada salla, rumfa taka ce. Hajiya ta koma cikin gida da tukwanenta."

Ludayi ya kusa suɓuce mini. "Alhaji, rumfar tawa?"

"Na faɗa, Hajiya."

Kuma a gaban mutum goma sha ɗaya ya faɗa, masu cin waakye. Alhaji bai taɓa janye magana ba tun da na san shi. Cikin gida kuwa, wa zai bi lungu uku da igiyar shanya ya zo sayen abinci? Rumfar nan da ita na aurar da 'ya'ya, da ita na je Makka. Ga aikin da Nashiru ya bari, akuya ma in ka riƙe mata sifana za ta gama. Na ce a raina, Memunatu, kin tashi aiki.

Ban san Allah ya ba ni Fataw ba.

Ya yaye tamfol, ya buɗe bonet, ya sa hannu a ƙugu yana girgiza kai.

"Ka ji Turawa. Mota ɗaya, kafireta biyu. Almubazzaranci." Ya kwance gwangwanayen biyu, ya wurgar da su a ƙasa. "Ga ciwon nan. Gwaggo, in aka toshe miki hanci da tsumma, za ki iya gudu?"

"In aka aske maka gashin hanci a Nima, kwana biyu za ka yi ka fara tarin siminti."

"Gwaggo, ki tsaya ga shinkafa. Motocin tsere ba sa amfani da wannan."

Ya murɗa makulli. Mota ta tashi da wata irin ƙara, wup-wup-wup, hancinta biyu a buɗe suna zuƙar duniya. Mutane suka taru. Fataw ya leƙa cikin injin, ya ja wayar totur da hannu, yana duban jama'a yana murmushi.

A daidai lokacin Amama tana jikin katanga, taku uku da motar, tana tankaɗen garin barkono. Wallahi da idona na ga jan gajimaren ya taso daga rariyarta ya nufi injin kamar an kira shi da suna. Mota ta zuƙa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, kamar mutumin da atishawa ke zuwa masa. Fataw ya ƙara sunkuyawa don ya ga abin da ya faru.

FAM!

Hancin gaba ya feso wuta da barkono. Da hayaƙi ya lafa, sai ga Masta da rabin gashin baki, gira ɗaya, hawaye na zuba. Masu cin waakye kowa na atishawa, wani direban tasi har shinkafa ta fito masa ta hanci. Amama ta ɗaga rariya tana ihu, "Barkonona! Motarku ta shanye mini barkono!"

Fataw ya share ido da hannun riga. "Alama ce mai kyau," ya ce. "Atsha! Ta fitar da majinar shekara goma. Atsha!"

'Yata Suweiba, wadda ke sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie kuma take tuƙa 'yar motar kayanta da kanta, ta iso a lokacin. Abokiyar wasansa ce, ba ta raga masa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Masta Rabin-Gira, wane wanzami ne ya yi maka wannan? Ba ni lambarsa, kar in kai mijina."

"Chale, 'yar'uwa, ke doya kika sani. Rufe mana baki."

Talata ya dawo da baƙin tabarau don ya rufe girar. Ya sanar da cewa zai mayar da matatun, don girmama tsofaffi kawai. Na ce masa ga kananzir nan a kwalba.

"Kananzir? Wannan zamanin Nashiru ne. A Jamus da wuta ake wankewa."

"Yaushe ka je Jamus?"

"Na yi waya da su."

Kafin in juya ya ɗora ragar, guda biyun, a kan kurfotina kamar mai babbaka ƙafar saniya. Raga ce da ta sha mai da ƙura tun kafin a haife shi. Ta kama da wuta, harshen ya kusa taɓa kwanon rumfa. Da ta mutu ya sa filaya ya ɗaga, sai ta zube ruguzum, kamar gari. Ya tsaya riƙe da filaya ba komai a bakinta.

"To," ya ce, "dama ta gaji."

Laraba da sassafe ina hura wuta, sai na ji muryar Alhaji daga banɗaki.

"Hajiya! Ina sosona?"

Na duba igiya, babu sapo ɗin Alhaji, wannan dogon soson raga da muke cuɗa baya da shi. Nawa ma babu. Na fita waje, sai ga Fataw zaune a kan benci ya naɗe su, shuɗi da ruwan ɗorawa, yana cusa su cikin gwangwanaye. A gefensa ga ƙwaryar man kaɗanyata, wadda aka kawo mini daga Tamale.

"Kai, ɗan nema! Me kake yi da sosona?"

"Raga raga ce, Gwaggo."

"Man kuma fa? Man inji Nashiru ya ce."

Ya ɗaga yatsa kamar mai wa'azi. "Gwaggo, ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. In jariri ya yi mura, hancinsa ya toshe, me kike shafa masa?"

"Man kaɗanya."

"In mutum ya yi targaɗe?"

"Man kaɗanya."

"In ƙofa tana kuka?"

Wannan kam ni ma na taɓa yi.

"To! Hancin mota ba hanci ba ne? Baturen bai san man kaɗanya ba, shi ya sa bai rubuta ba."

Ya danƙara shi, ya shafe soson har ba ka ganin rami ko ɗaya. Da safe ne, man a daskare yake kamar sabulu. Ya murɗa makulli, mota ta yi gurnani kamar an shaƙe ta, ta ƙi tashi. Ya ce tana jiran rana ne. Kuma ka san abin haushi? Da azahar ta yi, rana ta gasa bonet, man ya narke, mota ta tashi. Fataw ya hau kan benci yana ɗaga hannu. "Ina masu dariya? Ina Suweiba?"

Sai farin hayaƙi ya fara fitowa ta salansa. Ba hayaƙin mota ba, ƙamshin suya. Ya cika layi, ya gangara kasuwa, ya haye kwata ya shiga unguwar Maamobi. Cikin minti goma mutane sun fara zuwa da kwanuka. Wata tsohuwa ta ture kowa ta zo gaba.

"Ina mai ƙosan? A zuba mini masu zafi."

"Mma, gyaran mota ake yi."

"Ka ji ƙarya. Hancina bai taɓa yaudarata ba. In ya ƙare ka ce ya ƙare."

Suna cikin haka mota ta yi wani irin haɗiya, gulut, ta mutu. Ta zuƙe soson Alhaji. Fataw ya cire murfi, ya kamo bakin soson ya fara ja. Ka san sapo, ba ya ƙarewa. Ya ja, ya ja da baya, ya wuce bencina, ya wuce teburin Amama, soso na ta fitowa daga maƙogwaron mota yana ɗigar mai. Yana tsakiyar titi sauran ya saki, ya zauna daɓas a gaban wani mai babur.

Na yi dariya har ɗankwalina ya kwance. Amma da na juyo sai na ga Alhaji. Ya fito da sandarsa, ya zauna a kan kujera kusa da motar, yana shafa ƙofarta da tafin hannu. Sai na daina dariya.

Alhamis da safe na ba Suweiba gwangwani ɗaya, na ce ta bi ta Abossey Okai ta samo ragar waya daidai da shi, guda biyu.

"Mma, kin san abin da kike yi? Hanyar korarki kike share masa."

"Motar ubanki nake gyarawa. Tafi."

Ta kawo. Na wanke gwangwanayen da kananzir, na goge bakin kafireta da tsumma har man kaɗanya ya fita, na ɗiga wa ragar man inji, na jingine ta ta tsane. Ba wani ilimi ba ne. Shekara nawa ina miƙa wa Nashiru shayi ina kallon hannunsa. Fataw ya iso an gama, ya duba, ya juya ga masu cin abinci.

"Kun gani? Kwana uku kawai ina horar da Gwaggo, har ta fara iyawa."

Saura a ɗaure. Tsakanin gwangwani da bakin kafireta akwai wata takarda mai kauri da ake sakawa, gasket, don kada iska ta sulale ta gefe. Tsofaffin kuwa, Fataw ya yaga su tun Litinin. Sai ya samo kwalin madara, ya ɗora yagaggen a kai, ya zana, ya yanka da reza. Ya huda babban rami na tsakiya. Ya huda biyu na noti. A saman tsohon akwai wasu ƙananan ramuka biyu, kamar idon kaza. Waɗannan ya tsallake.

"Fataw, ka bar biyu."

"Na ado ne."

"Nashiru ya ce ta nan kafireta ke sanin an taka totur. In ka toshe su, abin da ke ciki ba ya ɗagawa."

"Ɓarayin iska ne, Gwaggo. Ta nan ƙarfin motar ke zurarewa. Baturen ya yi kuskure, na gyara masa."

Na je na kamo hannun Alhaji, na kawo shi, na maimaita a gabansa da gaban Amama, don kada gobe a ce Memunatu ta gani ta yi shiru saboda rumfa. Alhaji ya ce, "Fataw, ka ji gwaggonka?"

"Baba Alhaji, a bar injiniya ya yi aikinsa."

Ya ɗaure, ya murɗa makulli. Mota ta tashi tana kiɗa a hankali, lub-lub-lub, ba tari, ba hayaƙi. Ban taɓa jin ta da daɗi haka ba. Alhaji ya rufe ido yana murmushi. Ni kuwa na tuna rumfata. Na ce ko dai Nashirun ne ya yi kuskure?

Suweiba ta ce, "To zagaya da ita mu gani."

"Masta ba ya gwaji. Gwaji na masu shakka ne."

Ya kashe ta, ya zaro awo daga aljihu, ya fara auna rumfata ina tsaye. "Gwaggo, ɗan matsa. Nan ramin duba ƙasan mota zai zauna, daidai inda tukunyarki take." Da la'asar har an kawo allo, fenti bai bushe ba: FATAW INTANASHINAL, ƘWARARRE A MOTOCIN TURAI DA JIRAGEN RUWA. Ya jingine shi a jikin murhuna. Ranar na shiga cikin gida na tsaya ina duban tsakar gida, ina neman inda tukwane shida za su zauna tsakanin famfo da igiyar shanya.

Juma'a. Alhaji ya sha babbar riga fara da hula, ya fesa turare. Fataw ya sa an wanke ofarol an goge, ya zana girar da ta ƙone da kwalli. Layi ya cika, har da masu ɗaukar hoto da waya. Aka zaunar da Alhaji. Fataw ya danna hon sau uku.

"Gwaggo, da akwai kujera ta uku da na rage miki hanya. Sai kin iso!"

Ya sa giya, ya taka totur.

Mota ta motsa. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta motsa. Kamar yadda amarya ke motsawa in an fito da ita. Ya ƙara takawa, ta ce bu-u-u, ta ci gaba da abin da take yi. Jama'a suka yi tafi suna jiran ta ɗauki wuta, suka gaji da tafi, suka ga har yanzu tana gabansu.

Na rufe rumfa, na ɗauki dardumata, na kama hanya da ƙafa, da ciwon gwiwata. Kafin kwanar kasuwa na cim musu. Ina jin Alhaji yana cewa, "Fataw, saki birki."

"Ban taka ba, Baba Alhaji."

"To taka totur."

"Ƙafata tana ƙasa."

"To me ke faruwa?"

"Tana ɗumama jiki ne. Motocin tsere haka suke."

Na wuce su. Wata kayayo, 'yar dako, da buhun albasa a ka ta wuce su. Mai tura baro ya wuce su. Wani bunsuru ya wuce su, ya tsaya ya ci ɓawon ayaba, suka iso, ya sake wuce su. A bayansu trotro sun yi layi har ba ka ganin ƙarshe, hon kamar ana biki. Wani direba ya samu ya kutsa ta gefe, ya leƙo.

"Masta! Gawa kuka ɗauko? In jana'iza ce ku faɗa mu sauka mu bi!"

Alhaji ya ce, "Da raina, ɗan nan."

"To Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma ka sauka ka taka, za ka fi sauri. Kai kuma kwasia, wawan banza, ba mu hanya!"

Na tsaya na sayi goro. Na shiga wani gida na yi gaisuwar haihuwa, har na ɗauki jaririyar. Na fito, sai ga su suna isowa.

"Gwaggo! Yaya kika riga mu?"

"Da ƙafa, Masta."

Da aka zo 'yar hawan da ke kafin Kanda, ga hasumiyoyin masallaci ana gani, ana jin huɗuba a lasifika, mota ta duba hawan, ta ce ita ba da ita ba. Ta tsaya cak tana lub-lub-lub, cikin natsuwa. Fataw ya yi tsalle ya fito, zufa ta wanke kwallin, girar ta gangaro masa har kunci. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin matatar gaba, ya ɗora shi a tsaye a gefen mota don ya leƙa ciki.

Murfi zagayayye ne, hanya kuma gangara ce. Ya sauka, ya fara gudu. Shi kaɗai ne abin da ya yi gudu a motar nan ranar. Fataw ya bi shi yana ihu, "A tare! A tare! Babu irinsa a Ghana!" Murfi ya tsallake titi, ya bi ta tsakanin ƙafafun mai sayar da tabarmi, ya faɗa kwata. Muka ji tsulum. Muka ga farin ofarol ya tsaya a baki, ya waiwayo, ya rufe hanci. Muka ji tsulum na biyu, wanda ya fi na farko girma.

Alhaji ya waiwayo. Can ya ce, "Hajiya, kina nan?"

"Ina nan, Alhaji."

"Ba ni hannunki."

Na fito da shi. Muka hau hawan nan a hankali, shi da sandarsa, ni da gwiwata. Muna sa ƙafa a ƙofar masallaci ana tada iƙama. Ya saki hannuna, ya gyara hula.

"Da ƙafata na zo," ya ce. "Rumfa taki ce."

"Dama tawa ce, Alhaji. Shiga kar ka rasa raka'a."

Bayan salla Suweiba ta same mu a wurin motar. Ta kwance notuna, na zaro kwalayen madara biyu, na cire fil ɗin mayafina na huda ramukan nan, na buɗa su da bakin makulli. Muka mayar. Ta gaba ba murfi, sai na ɗaure ragar da hankicina. Suweiba ta zauna, ta zaunar da ubanta, ta taka totur kaɗan.

Ei! Motar nan ta yi wata irin kururuwa, tantabarun masallaci suka tashi. Ta haye hawan kamar an harba ta. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Alhaji riƙe da hula da hannu biyu, baki buɗe, yana dariyar da rabon da in ji irinta tun ina da haƙorana duka.

Saura murfi da ɗan ƙanena. Na bi bakin kwata ina dubawa, har na zagayo jikin katangar da mabarata ke jeruwa ranar Juma'a. A nan ya samu wurin fitowa. Yana zaune a ƙasa yana haki, baƙi ƙirin daga ƙirji zuwa ƙasa, takalmi ɗaya, baƙin tabarau a karkace, ƙudaje na yi masa rakiya. Murfin yana hannunsa, ya riƙe shi gam.

Kafin in ƙarasa, wata baiwar Allah mai rabon sadakar masa ta tsaya a gabansa. Ta dube shi, ta girgiza kai, ta saka masa uku a cikin murfin.

"Allah ya ba ka lafiya, bawan Allah. Ka sa mu a addu'a."

"Hajiya, ni injiniya ne!"

"Allah sarki. Har kan ma ya taɓu." Ta ƙara masa ɗaya.

Ya yunƙura zai yi bayani, murfi ya karkace, masa biyu suka gangara ƙasa. Wani tsoho mai sanda da ke zaune a gefensa, wanda tun ɗazu yake harararsa, ya zungure shi a haƙarƙari.

"Kai sabon zuwa, matsa can. Nan wurina ne, shekara ashirin." Ya tsince masar, ya hure, ya sa a aljihu. "Dube shi, ko riƙon kwano bai iya ba. Ka zo gobe da wuri, in fara koya maka aiki."